Doguwar Waya Zuwa Gindin Turmi

Kaset guda ɗaya ya rage mana mai muryar wana, shi ma sai da ya shekara ashirin a ƙasan akwatin Baba kafin in san yana nan.

Wana shi ne ɗan farin Inna, ni ce ta biyar. Garinmu yana cikin kwari kusa da Tama, kuma a can idan namiji ya ɗaure damin geronsa na ƙarshe, sai ya ɗaure jaka. Abijan yake zuwa. Yana yawo da allon agogo da tocila da tabarau a kafaɗa, ya dawo da faɗuwar ruwa. Daga baya ya koma yin shekara biyu, uku, bai zo ba. Babu salula a lokacin, kuma ba shi da karatun wasiƙa, don haka kaset yake aikowa a hannun duk wanda zai taho gida.

Ranar da kaset ya iso, Baba yakan aika a sayo batir sabo, a taru a ɗakinsa har da maƙwabta. Wana yakan fara da sallama, sannan ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da gaisuwa, ba ya tsallake kowa, har jakin gida sai ya tambayi ƙafarsa. Idan an gama ji sau biyu, sai Baba ya mayar da kaset ɗin baya zuwa farkonsa, ya danna jan maɓalli, mu ba da amsa a kansa. A ganin Baba, sayen sabon kaset alhali ga wani a hannu almubazzaranci ne. Haka muka yi ta goge muryarsa da hannunmu, shekara da shekaru, muna dariya muna ture juna a gaban rediyo.

Inna ba ta taɓa shiga ɗakin nan ba. Kunyar ɗan fari take yi, irin ta mutanen da. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai "wancan" ko "yaron nan", ko da ya yi gemu. Da ta ga an shigo da batir, sai ta zuba hatsi a turmi ta koma bayan zanar da ta raba madafa da tsakar gida. Muna jin taɓarya tana sauka, tim, tim. Da muryarsa ta fito sai dakan ya yi sanyi, can kuma ya tsaya cik. Amma idan aka zo ba da amsa, sai Baba ya leƙa ya ce, "Ke, ba ki da abin cewa?"

"Mi za ni ce ma ƙarhe?" in ji ta.

Sai ta kama daka da ƙarfi, kamar ta yi faɗa da turmin, har Baba ya yi ta mita wai ƙarar tana shiga cikin kaset.

Tari ne ya kashe wana, a can aka rufe shi. Wani ɗan garinmu ya kawo labarin tare da jakarsa. Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ta yi ta raba wa masu gaisuwa ruwa. Ina kwaleji a lokacin, ina ganin na san duniya, kuma na ji haushinta ƙwarai. Na daɗe ina jin haushin nan, ba zan ɓoye ba.

Bayan rasuwar Baba ne, muna kwashe kayan akwatinsa ni da Gwaggo, ƙanwarsa, na ci karo da kaset a naɗe cikin tsohuwar hula. Gwaggo ta ce shi ne wanda aka samu cikin jakar. Wana ya ɗauki muryarsa a kai, bai samu mai tahowa ba har ciwon ya kwantar da shi. Baba ya kasa kunnawa, ya kuma kasa yarwa.

A nan na yi wautar da har yau idan na tuna sai in ji fuskata ta yi zafi. Na ɗauko tsohon rediyon Baba, na kai shi har kan tabarmar Inna, ga mata uku na maƙwabta zaune. Kunnenta ya riga ya yi nauyi, don haka na sunkuya na ɗaga murya kowa na ji: "Inna, ga muryar ɗanki!" Na danna. Wata siririyar murya ta fito tana ja, ta yi sallama. Inna ta dafa ƙasa ta miƙe, ta gyara zanenta, ta fice daga gidan gaba ɗaya. Ina cikin kallon bayanta na ji muryar ta fara narkewa, rediyon yana tauna zaren. Na fizge shi da sauri, na zauna ina mayar da zaren da biro.

Gwaggo ba ta raga mini ba. "Lakwal, bokon nan naki, ta cinye miki hankali? Gaban mutane za ki ce mata ɗanki? Ke kin taɓa ganin ta zamna gaban rediyo?"

Na ce to ai ya mutu, kunyar me kuma ta rage.

"Wadda ta yi shekara sittin tana abu, ke za ki sake ta rana guda?"

Kwana biyu bayan haka Gwaggo ta ja ni gefe. Ta ce Inna ta tambaye ta, tana kallon wani wuri dabam, wai abin nan na ɗiyarki, wato ni, lalacewa ya yi? Sannan ta tuna mini da abin da likitan Buza ya faɗa: kunnen hagu ya tafi, na dama yana bin sa, kuma babu maganin da zai tsayar da shi. Ashe tana son ji. Sai dai ta ji yadda ta saba, daga bayan zana, a ce ba don ita aka kunna ba. Kuma daga ɗakin Baba zuwa bayan zanar nan, kunnenta ba zai ƙara kamo komai ba. Idan na ƙure muryar rediyon sai ya koma kwarmato, ko mai kunne biyu ba ya rarrabe kalma.

Abin da nake bukata shi ne muryar ta fito wuri biyu lokaci guda: a ɗaki, inda za mu zauna kamar don kanmu muke ji, da kuma gindin turmi. Wani malami da muke koyarwa tare a Buza ya ce ampili zan saya, irin wanda ake haɗa wa talabijin da lasifika biyar, ya kuma ce in duba lambar da ke jikin kwali, mafi girma shi ne mafi kyau. Ni malamar firamare ce mai kwantaragi, ba ta dindindin ba, albashin ba ya kai ƙarshen wata da ƙafarsa. Kwasar adashina ta zo a watan, da katifa na yi niyya. Na ƙulle kuɗin a bakin zane, na sa rediyon Baba a buhu, na hau motar Madawa ran kasuwa, a matse tsakanin buhunan albasa.

Na fara ajiye rediyon wurin wani tsoho mai gyara, a wata rumfa bayan masu sayar da batir, na ce a sake masa robar da ke juya kaset. Daga nan na shiga layin masu sababbin kaya.

Mai shagon farko saurayi ne mai baki kamar an jiƙa shi da mai. "Madam, kin zo gida!" Ya sauko da wani kwali mai hoton lasifika biyar da wata ƙatuwar lamba da jan rubutu. Ya haɗa, ya kunna, fitilu shuɗi da kore suka kama zagayawa, ganga ta daki ƙirjina har kwanonin shagon gaba suna amsawa. Gaskiya ya burge ni. Ban taɓa sayen wani abu sabo fil cikin kwalinsa ba, kuma kuɗin da ya faɗa bai fi ƙarfina ba. Har na kai hannu bakin zane.

Sai na ce ya kashe kiɗan ya kamo mini inda mutum ke magana. Ya dube ni kamar na ce ya dafa mini shayi a ciki, amma ya kamo labarai. Na ɗauki ɗaya daga cikin ƙananan lasifikan da ya ce na baya ne, masu doguwar waya, na kara a kunne. Ba komai sai wani gunaguni can ƙasa.

"Waɗanga na fim na, Madam. Harbin bindiga da ruwan sama ka hitowa nan."

Na juya bayan akwatin, na ji shi sakayau, da hannu ɗaya na ɗaga. Na tambayi inda zan haɗa rediyon kaset.

Ya yi dariya har da dafa gwiwa. "Wa ka jin kaset yanzu? Ga wurin kati, ga na salula."

Na ce masa uwata ke ji, kuma ta girmi uwarsa. Na fita ina huci. Shago uku na ƙara shiga, duk kanwar ja ce: fitila, ganga, da lamba a kwali. Rana ta take, ƙafafuna sun yi futu-futu, na koma rumfar mai gyara don in karɓi rediyona in tafi gida da kuɗina.

Tsohon ya gama aikin, yana gwada rediyon da wani kaset na wa'azi. Tabaransa an ɗaure ƙafa ɗaya da zare. Ya ga fuskata, ya tura mini benci da ƙafa, ya tambayi abin da nake nema tun safe, don ya ga wucewata sau uku. Na gaya masa rabi. Na ce ina son murya ta fito a ɗaki, ta kuma fito a bayan gida inda wata tsohuwa ke zama, ba tare da an kai mata rediyo gabanta ba.

Ya goge bakin sukudireba. "Kaset ɗin na wa na?"

Na ce na wana ne, ya rasu a Abijan.

"Ɗan hwari?"

Na ɗaga kai. Bai ƙara tambayar komai ba. Ya ce shi ma ya yi shekara tara a can, a can ya koyi gyara, kuma tasa uwar bayan rumbu take laɓewa.

Ya shiga ƙuryar rumfar ya jawo wani baƙin akwati mai ƙura, ya ce in ɗaga. Da hannu biyu na ɗaga, sai da na yi nishi. "To kin ji," in ji shi. "Lamba ga kwali, kowa ad da tawada shina iya rubuta ta. Nauyi ba a rubuta shi." Na wani mai gidan kallon ƙwallo ne. Wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone ramin da ake haɗa talabijin, abin dannawa daga nesa ya ɓace, gilashin gaban ma rabinsa ba ya haske. Shi ya sa ya shekara a nan ba mai so. Amma ɓangaren sauti lafiyarsa lau. Ya juya mini bayansa ya nuna ramuka biyu, ja da fari, inda rediyon kaset zai shiga. A gaba kuma ga maɓalli biyu, kowanne da nasa lasifikan, idan an danna duka biyun murya ɗaya ce ke fita ko'ina, cikakkiya.

Ni da bakina, na ce wato mataccen kaya zai liƙa mini don ya ga mace.

Bai ji haushi ba. "Abin da ya mutu cikinai, ke kina bukata tai? Talabijin gare ki?"

Ba ni da ita.

"To kar ki biya kuɗɗin abin da ba ki so. Tashi ki ga."

Ya ɗaura wata lasifikar katako a bakin doguwar waya, ya sa na ɗauke ta na tsallaka hanya har gindin wata bishiya inda masu kabu-kabu ke tsayawa. Ya ce in toshe kunnen hagu da yatsa, in sa gefen mayafi a na dama. Ya kunna wa'azin nan. Da farko na ji shi da kauri, kamar mai magana cikin tulu. Na hango shi yana murɗa wani abu, sai kaurin ya ragu, kalmomin suka fito ɗaya-ɗaya, a tsakiyar ƙarar babura da masu tallan ruwa. Da na dawo ya nuna mini: wannan na ganga ne, ki rage shi, wannan na kaifin murya ne, ki ƙara kaɗan. Ya ce tsoho ba ƙara yake nema ba, rarrabewa yake nema, idan aka yi masa ihu ma ɓata masa ake yi. Na tuna yadda na sunkuya a kunnen Inna ina ɗaga murya.

Mun yi ciniki, na yi tsiwata, ya rage abin da zai rage. Lasifika biyu ya haɗa mini, ba su ma yi kama da juna ba, ɗaya baƙa ɗaya ruwan ƙasa. Ya ce abin da ya saura a hannuna in sa shi a waya mai kauri, kada in yarda da siririya, tana shanye murya a hanya. Ya tambayi nisan ɗakin da inda tsohuwar ke zama. Ban taɓa aunawa ba, amma ƙafata ta sani, na yi ta kai ƙwarya tsakanin wuraren nan tun ina ƙarama. Na taka masa a cikin kasuwa, ya bi ni da waya, ya ƙara kamu biyar. Ya ce in kawo kaset ɗin ya juye mini a kati don kada a rasa. Na ce sai mai shi ta fara ji. Ya ce to sau ɗaya zan kunna, zaren ya tsufa.

Allah ya taimake ni an kawo wuta garinmu shekara biyu kafin nan. Na jira safiyar da Inna ta tafi barkar haihuwa a maƙwabta. Ni da Gwaggo muka ja wayar ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin Baba, muka bi gindin katanga da ita, muna rufewa da rairayi, har bayan zana. Lasifikar ruwan ƙasan muka kifa wa tsohon kwandon kaji a gefen turmi. Inna ta daɗe da barin daka, matar ƙanena ke yi, don babbar taɓaryar ta fi ƙarfin kafaɗarta. Amma wurin zamanta bai sake ba, can take shimfiɗa buhu bayan la'asar tana tsinke zogale.

Da ta dawo ta tsaya ta dubi sabon layin rairayin da ya ratsa gidanta, ta dubi kwandon. Bayan la'asar na ga ta ɗauki ƙwaryar zogalenta ta zagaya. Ta tsakanin zana na hango ta ja buhun, ta zauna, kunnen dama yana wajen kwando.

Gwaggo ta tsaya a ƙofar ɗaki ta kira ni da ƙarfi, wai in zo in kunna mata abin nan ta ji, ita kaɗai. Muka shiga muka zauna a ƙasa. Na danna maɓallan biyu, na yi bisimilla, na danna na rediyo.

"Salamu alaikum, mutanen gida."

Kamar yana bakin ƙofa. Na manta cewa muryarsa tana da ɗan kaushi, na manta yadda yake jan numfashi kafin ya ambaci mutum. Ya gaida Baba, ya tambayi gonar fadama. Ya gaida mutum huɗu a jere waɗanda duk sun bi shi tun tuni. Ya gaida Gwaggo, ta amsa masa a hankali, "Lahiya lau." Ya ce a gaida 'yar lakwal, a ce mata ta rage tsiwa ko ta samu miji. Na yi dariya. Yana yi yana tari, yana cewa sanyin teku ne, ba komai. Ya ce kasuwa ta yi nauyi bana, amma in Allah ya so da ruwan farko yana gida.

Daga nan na zaci ya ƙare. Sai ya gyara murya.

"Saura mutum guda. Ba ni hwaɗin ko wa ta, kar ta tashi. Na san dakan ya tsaya yanzu." Ya yi 'yar dariya, tari ya katse shi. "Baba, ka bar yi mata hwaɗa wai tana ɓata kaset. Dut wanda kunka aiko, in na gama jin maganakku, sai in maida shi baya in saurari taɓarya. Nan ɗakinmu mu takwas muke, sun san ni da shi, suna yi min dariya. In ta yi ƙarhi, na san lahiya take. Wanda ya zo bara na ji ta yi sanyi, ban yi kwana ba sai da niy yi tambaya anka ce zazzaɓi ta yi. To ku bar ta ta daka. Ni ina ji."

Zaren ya ci gaba da juyawa, ba komai sai shuu, har maɓallin ya ɗago da kansa.

Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Gwaggo ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa shekarun nan da na yi ina jin haushin Inna suka taso mini gaba ɗaya, na rasa inda zan sa kaina don kunya da baƙin ciki. Bayan zana babu motsi. Tsoro ya kama ni ko ba ta ji ba, ko na makara. Tsoron kuwa ba na banza ba ne, don kafin kaka ta zagayo kunnen daman ma rufewa ya yi ruf, ba ta ƙara jin komai ba har ta koma ga Allah.

Sai na ji an ja wani abu mai nauyi a ƙasa. Sannan ƙara ta zo, ba irin wadda na sani ba, busasshiya, itace a kan itace, don babu ko ƙwayar hatsi a turmin. Ta sauka sau ɗaya. Aka daɗe. Ta sake sauka.

Na yunƙura zan tashi, don na san kafaɗar nan ba za ta ɗauka ba. Gwaggo ta riƙe mini zane.

"Zamna," ta ce. "Ba da ke take ba."

Na koma na zauna, muna ji tana daka.